Yadda Muryata Ta Kori Taubashina Daga Garinmu

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Ina roƙon a sakaya sunana da na garinmu. Ba kunya nake gudu ba, wannan na riga na sha ta na ƙoshi. Akwai wani bawan Allah ne da duk lokacin da aka haɗa sunan garinmu da wannan labari, shi ake sake jefawa cikin haɗari.

A shekarun da abin ya faru ni mai gadi ne a Doha, ɗaya daga cikin samarin Arewa da kamfanonin tsaro ke ɗauka su tsayar a ƙofar gini. Ina da 'yar diflomata, Turancina ba laifi, kuma tun ina yaro Allah Ya yi ni da baki. Idan na fara ba da labari, mai tuwo ma sai ta manta da tukunyarta a kan wuta. Aikina a Lusail yake, a ƙofar wani dogon bene da ake ginawa, kwana kuma a wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh tare da wasu 'yan uwa masu gadi da direbobi. Makon da na fara aiki na ɗauki hoto cikin kakin kamfani, da hula, da oba-oba a kafaɗa, na tura gida. Daga wannan hoto mutanen garinmu suka raɗa mini Ofisa. A wurinsu ni babban jami'i ne a ƙasar Larabawa, mai sanin sirrin gwamnatoci. Ban taɓa cewa haka ne ba, amma ban taɓa cewa ba haka ba ne. Daɗin sunan nake ji, gaskiya ke nan, alhali babban ikona a duniya shi ne ɗaga sandar ƙofa motar siminti ta wuce.

Da korona ta shigo aka yi kulle, aiki ya ja baya a wurinmu. Wuni nake yi zaune a 'yar rumfar gadi da takunkumi a fuska, daga ni sai iska da ƙarafa, ba mai shiga ba mai fita. Kaɗaici ya sa na koma wa waya. A yawon karance-karance ne na yi tuntuɓe da wasu tsofaffin takardun bincike da hukumar binciken manyan laifuka ta gwamnatin tarayyar Amurka ta saki don kowa ya karanta. Rahotanni ne na shekaru aru-aru a kan manyan kashe-kashe da gungun 'yan daba da ƙungiyoyin masu laifi, an buga su da tsohuwar tafireta, an bi wasu sunaye da baƙin tawada an shafe. Na kamu. Sai in ga yadda aka bi diddigin mutum wata da watanni, wanda ya gaisa da shi, shagon da ya sha shayi, motar da ya hau. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kusan kowane gungu yana da wani ɗan gari mai fuskar salihai da ke tsegunta masa labarin mutane.

Da farko abokan ɗakina nake ba labarin bayan mun ci abinci, tun da ba inda za a je. Wani direba a cikinmu ya ce in riƙa naɗa a saƙon murya ina turawa guruf ɗinmu na 'yan Arewa mazauna Doha, don kowa a takure yake. Na gwada sau ɗaya, washegari aka yi ta roƙon ci gaba. Kafin wani lokaci har likitoci da injiniyoyinmu suna saurare, kaina ya ƙara girma. Sirrina kuwa ɗaya ne: ba na barin labarin a Amurka, gida nake kawo shi. Idan takarda ta ce mashaya, sai in ce ku ɗauka teburin mai shayi ne. Idan ta ce shugaban gungu, sai in kwatanta shi da wani sarkin tasha mai tumbi. Da haka wanda bai taɓa shiga aji ba ma yake gane komai, ana dariya ana ƙaruwa.

A nan ne zan kawo taubashina, ɗan kawuna yayan mahaifiyata. Tare muka taso, kuma kun san yadda wasan taubasai yake. Ban taɓa kiransa da sunansa ba sai dai ɓarawo ko bawana, shi kuma ya ce da ni maƙaryacin birni. A gaban manya muke yi, su yi dariya su ce mu ƙarata. Mutum ne mai sanyin hali, yana ɗan ɗingisa ƙafa tun wani ciwo da ya yi yana yaro, don haka noma bai karɓe shi ba. Ya buɗe rumfar cajin waya a bakin kasuwa da ɗan janaretonsa, kuma da yake garinmu ba wuta, kusan wayar kowa a hannunsa take wuni. Da wannan rumfa yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa, domin kawu ya daɗe da rasuwa.

Wata rana na karanta labarin wani gungun masu satar attajirai don neman fansa. An daɗe ana mamakin yadda suke sanin wanda ke da hali da ranar da zai yi tafiya. Ashe wani mai kanti ne da ke da wayar tarho a shagonsa, a zamanin da ba kowane gida ke da ita ba. Mutane su zo su buga waya, shi yana goge kanta yana kasa kunne. Da na zo naɗa, na rasa yadda zan fahimtar da mutanenmu wannan, sai taubashina ya faɗo mini a rai. Na ji daɗi ƙwarai, ga misali ya zauna daram, ga kuma damar tsokana. Na ce ku ɗauka a garinmu ne, ku ɗauka mai cajin nan ne na bakin kasuwa, mai ɗingishi. Daga nan na saki baki. Na ce shi ya san wanda ɗansa ke kira daga waje, shi ya san wayar da saƙon banki ya shigo, shi ke yi wa mutane murmushi da rana yana miƙa sunayensu ga mutanen daji. Na ci gaba da labarin Amurka da bakin garinmu, ina cewa mai caji ya yi kaza, mai caji ya ce kaza, har na rufe da cewa duk wannan yana rubuce a takardun hukumar bincike ta tarayya, na gani da idona. Ni da kaina na tura masa. Ya saurara ya maido mini da murya yana dariya har da tari, ya ce in na dawo sai ya sa an ɗaure ni a kan sharrin da na yi masa. Muka yi raha, aka wuce wurin. Kulle ya ƙare, aiki ya dawo, na daina naɗar labaran, har wayar da na yi su da ita ta lalace na sake wata.

Sai ga gasar cin kofin duniya ta zo. Kamfani ya kwashe mu daga gine-gine ya zuba mu a hanyoyin da 'yan kallo ke bi zuwa filin wasa na Lusail. Tsayuwa ce ta wuni guda, kana nuna hanya kana murmushi, kuma doka ce mai tsanani cewa waya tana cikin loka har a tashi. A cikin wannan hidima ne 'yan bindiga suka shiga garinmu. Ba su taɓa gidanmu ba, amma sun tafi da mutane, kuma aka lura duk gidajen da suka shiga na masu 'ya'ya a birni ne ko a ƙasar waje. Gari ya ɗauki zafi, kowa na cewa lallai akwai infoma a cikin gida. Ni ma da bakina na faɗa wa ƙanwata haka a waya, ban kawo komai a raina ba.

Bayan 'yan kwanaki, da safe ina cikin motar kamfani za mu tafi aiki, saƙon ƙanwata ya shigo. Tana kuka, tana tambayata me ya sa ban faɗa musu tun tuni ba, me ya sa sai a bakin duniya za su ji. Ta haɗo da wani guntun saƙon murya da hotona na kaki. Na sa a kunne, na ji muryata. Edita, ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. An yanke farkon, inda na ce labarin Amurka ne, inda na ce ku ɗauka. Ba lallai da mugunta aka yanke ba, a wajenmu sabis ba ƙarfi, dogon saƙo ba ya tafiya, sai a gutsuttsura shi. Guntun da ya rage ya fara ne daga mai cajin nan na bakin kasuwa mai ɗingishi, ya ƙare a kan na gani da idona a takardun hukuma. Babu dariya a ciki, domin ni idan ina tsokana ba na dariya, da murya mai nauyi nake yi don ta fi shiga. Ƙanwata ta ƙara da cewa tun asuba 'yan sa-kai suka zo suka tafi da taubashina.

Duk wanda ya fito daga yankinmu ya san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma. Ba a kai shi gaban alƙali. Na kira ƙanwata bai shiga ba, na kira mai unguwa waya a kashe, kafin in sake gwadawa mun iso. Na je wurin sufabaizanmu ina haɗa Turanci da guntun Larabci, na ce ɗan uwana na cikin haɗarin mutuwa, a bar ni da wayata ko a ba ni hutun yini. Ya dube ni da tausayi, amma ya ce yau ranar babban wasa ce, ko shi bai isa ba, wanda ya bar layi kamfani zai maida shi gida. Ya ce yalla, khalas, wato maza, magana ta ƙare, in sa waya a loka. Na sa. Har yau ina tambayar kaina me ya sa na sa.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Dubban mutane na wucewa ta gabana da tutoci da ganguna, fuskoki a shafe da fenti, wasu na rungumata suna ɗaukar hoto, ni kuwa ina nuna musu hanya da hannu ina ganin taubashina a ɗaure a gindin bishiya. Duk ihun da ya tashi daga cikin fili sai in ce yanzu ne, yanzu suka gama da shi. Na yi ta karanto duk addu'ar da na sani tana kakkarye mini a baki. Ina tuna yadda yake jan ƙafarsa, ina cewa ko gudu ba zai iya ba. Da lokacin salla ya yi aka ba mu 'yan mintoci, na yi alwala na tsaya, wallahi ban san raka'a nawa na yi ba.

Da aka tashi na fizgi wayata na samo lambar shugaban 'yan sa-kai ta hannun wani abokina. Na gaishe shi, na ce ni ne mai muryar, na rantse masa da Allah cewa wasa ne, labarin wata ƙasa ne na shekarun da ko iyayenmu ba a haifa ba, kuma mutumin nan taubashina ne, kowa ya san wasan da ke tsakaninmu. Ya saurare ni cikin ladabi yana ta ce mini ranka ya daɗe. Da na gama sai ya ce sun gane, sun san irin aikinmu ba a son a yi maganarsa a waya, kuma sun san jini ba wasa ba ne, dole in ji tausayin ɗan kawuna. Ya ce in kwantar da hankalina, ba wanda zai ce daga bakina aka ji. Na ce masa ni mai gadi ne, ƙofa nake buɗewa, ban san sirrin kowa ba. Ya yi 'yar dariya ya ce ai duk manyan jami'ai haka suke cewa. Abu ɗaya na samu a wurinsa, cewa taubashina yana da rai, suna tambayarsa ne, kuma bai amsa ba tukuna. Na san ma'anar tambaya a wurinsu.

Na koma Al Asmakh kamar mahaukaci ina bin 'yan ɗakinmu ɗaya bayan ɗaya, ko akwai mai cikakken saƙon. Wannan ya ce ya goge, wancan ya ce ya sake waya. Da ƙyar aka samu a tsohuwar wayar direban nan da ya fara ba ni shawarar naɗa. Na tura wa duk wanda na sani a gida, na naɗi sabon bayani ina kuka ina rantsuwa. Cikakken saƙon dogo ne, a wayoyi da yawa ko buɗewa bai yi ba. Waɗanda suka ji kuma suka ce ai dabara ce ta masu ilimi, na fake da Amurka ne don in faɗi gaskiyar gida.

Direban ne ya ce mu nemi wani dattijon likita ɗan Arewa da ya daɗe a Doha, wanda ake kai wa ƙara idan abu ya cuɗe. Likitan ya ce mu same shi washegari kafin in shiga aiki a kasuwar Souq Waqif. Kasuwar cike take da baƙi, muka samu wani lungu muka zauna, ya sa aka kawo shayi ban iya kai shi baki ba. Ya ji bayanina bai katse ni ba. Ya ce shi ma yana cikin masu sauraron labaran nan lokacin kulle, har ya tuna wannan, kuma ya yi dariya a ranar, don haka ba zai yi mini faɗa ba. Amma ya ce in daina wahalar da kaina wajen shawo kan gari, yanzu ba gaskiya ake nema ba, rai ake nema. Nan take ya kira wani tsohon abokin karatunsa, babban ɗan sanda a jiharmu, ya roƙe shi a je a karɓo mutumin a matsayin wanda ake tuhuma, a kulle shi a hannun hukuma. Na ce yaya za a kulle marar laifi? Ya ce da ni ɗana, a yau ɗakin kulle ne kaɗai inda ba za a kashe shi ba.

Haka aka yi. Sai da yamma, bayan wani yinin na tsayuwa da fargaba, na ji cewa an karɓo shi da rai. An karya masa hannu, an fasa masa kunne ɗaya, an ƙone rumfar da janareton da wayoyin mutane a ciki. 'Yan sanda suka bincika ba su samu komai ba, suka sake shi a ɓoye, suka ce kada ya koma gari. Matarsa da yaran da mahaifiyarsa suka bi shi wani birni mai nisa da abin da suka iya ɗauka a ka.

Da na samu hutu na je gida. Bayan sallar Juma'a na nemi izinin liman na miƙe a gaban jama'a na faɗi komai, na ce ni ba ofisa ba ne, na ce ni na yi wa ɗan uwana ƙazafi da sunan wasa. Aka yi ta gyaɗa kai, aka ce Allah Ya kiyaye gaba, aka watse. Ba wanda ya ce a je a dawo da shi. Na bi shi har inda yake. Na tarar da shi a wani ɗaki ɗaya na haya, yana taya wani mai shago tsaron kaya. Ya karɓe ni, ya sa aka kawo mini ruwa, ya juyo da kunnen da ke ji don ya saurare ni. Na nemi gafara, ya ce ya yafe, ya san ban nufe shi da sharri ba. Amma har na tashi da cikakken sunana yake kirana, cikin girmamawa, kamar baƙon da ya zo daga hukuma. Na yi ta jira ya zage ni ko sau ɗaya irin na da, bai yi ba.

Ranar da zan koma Doha na shiga sallama da mahaifiyata. Ita ta yi goyon taubashina yana jariri, ɗan yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ta sa mini albarka, sannan ta jawo ni kusa ta rage murya. Ta ce ta ji abin da na faɗa a masallaci kuma na kyauta, haka ake rufa wa zumunci asiri. Amma yanzu daga ni sai ita, in faɗa mata tsakani da Allah, tun yaushe yaron nan ya fara yi wa mutanen daji aiki. Na rantse mata har hawaye suka zubo mini. Ta shafa kaina ta ce shi ke nan, ta gane, ba za ta sake tambaya ba.

Abin da na koya, Edita, shi ne wasa yana da wurinsa da mutanensa. Wasan taubashi a tsakar gida ake yinsa, inda kowa ya san ku, yana ganin fuskarku. Da zarar ka naɗe shi a waya ya bar hannunka, zai je wurin wanda bai san ku ba, a ranar da ba ka zata ba, a lokacin da mutane ke cikin tsoro suna neman wanda za su kama. Ina kira ga masu ba da labari irina, kada ku ɗauki mutum mai rai, mai shago da iyali, ku yi misali da shi a labarin masu laifi, ko da ɗan uwanku ne, ko da shi ma zai yi dariya. Ga 'yan uwana da ke aiki a waje, ku faɗa wa gida ainihin aikinku tun kafin girman ƙarya ya zama makami. Ga masu turawa kuma, ku ji tsoron Allah a kan guntun saƙon da ba ku ji farkonsa ba. Ni dai na yi magana sau ɗaya cikin wasa gari guda ya gaskata ni, na yi ta rantsuwa da gaske ko mahaifiyata ba ta yarda ba. Har yau ɗan kawuna bai taka garin da aka haife shi ba, kuma guntun muryar nan tana nan a wayoyin da ban san masu su ba.